Asabar a Ƙasan Lagdo

Mu bakwai ne, tukwanen iska uku,
da injin cikawa mai tarin tsofaffi.
Sai Julde ya ƙwala masa sifana
kafin ya yarda ya yi mana numfashi.
A ƙofar shagon, bayan kasuwar kifi,
Asta ta rubuta da shuɗin fenti:
Ƙungiyar Masu Nutso.
'Yan acaba su karanta, su tuntsire:
"Teku na can Kiribi, ku me kuke nema a nan?"

Jikin bango akwai kalandar bara waccan,
babu mai zuciyar cire ta.
Murjani jajir, kifi mai zanen atamfa,
ruwa garau, har kana ƙirga yashi.
Dominta muke zubin adashi,
jaka bibbiyu duk ƙarshen wata.
Sau biyu kuɗin ya kai mu Ngaundare a lissafi,
sau biyu injin ya haɗiye shi.

Namu ruwan kunun tsamiya ne.
Ka miƙa hannu, yatsunka su yi maka sallama.
Gaba huɗu ƙasa, rana ta zama labari,
sanyi ya kama ka ta ƙugu,
ba ka jin komai sai kanka,
shiga, fita,
kumfa na hawa sama kamar carbi ya tsinke.

Baba Gwadabe ke riƙe da igiya a kwalekwale.
Ja ɗaya, lafiya. Ja uku, ɗauko ni.
Shekara arba'in yana su a Binuwai,
bai taɓa leƙa ɗakin da yake ci ba.
Ya ce ruwa ba sa'an kwando ba ne,
amma kullum shi ke riga mu zuwa.

Abin da ke kai mu ƙasa, raga ce.
Ragar roba da ta tsinke wa mai ita,
ya yi Allah ya isa, ya sayi wata.
Shi ya manta da ita,
ita ba ta manta aikinta ba.
Dare da rana tana kamu, babu mai ci.
Na ga giwan ruwa a ciki, ƙashi zalla,
na ga ƙurungu yana kuka a hannuna
sanda wuƙata ke yanka masa hanya.
Bai gode ba. Ya soke ni, ya wuce.

Asabar ɗin da ta wuce na bi wata raga
har inda ta naɗe wani abu tsaye.
Na shafa. Kututture ne,
tsamiya, rassanta a miƙe,
tana jiran ruwan sama a ƙasan ruwa.
A gindinta gwiwata ta bugi dutse
mai lotsawa a tsakiya, sumul.
Dutsen niƙa.
Ɗansa na kwance a kai,
kamar an ce da mai shi, zo ga baƙi.

Inna ta sha faɗa mini,
garinsu na nan ƙasa tun da aka datse kogin,
an kwashe su a mota da awaki da tukwane,
abin da ya yi nauyi aka bar wa ruwa.

Dokarmu ɗaya ce, Asta ta kafa ta:
leda da raga kaɗai ke hawa jirgi.
Na ɗora tafina a lotsawar,
wata 'yar karfasa ta fito daga ƙarƙashi,
ta dube ni, ta koma ɗakinta.
Allurar iska ta kusa ja.
Na ja igiya.

Buhu biyar muka ƙirga a gaɓa,
Julde na ta lissafin kuɗin mai.
Da dare Inna ta ajiye mini tuwo,
ta ce, "Yau me ka gano?"
Na ce, "Tsamiya."
Ta daɗe ba ta ce komai ba.
Can ta ce, "Ta gabas da rijiya,
ko ta ƙofar gidan su Dudu?"