Allon Baba

Shagona na bayan tashar Kwangila,
rumfar kwano, teburi guda, da fitila.
Allon da Baba ya kafa tun ina goye,
ruwa ya ci rabi, rana ta lashe saura.
"Ilu da 'Ya'ya, Kafintoci" aka rubuta,
yanzu "'Ya'ya" kaɗai ke karantuwa,
sai ka ce gidan marayu.

Damina uku ina kallon motoci
suna wuce ni da gadajen ƙasar waje,
masu ƙyalli kamar haƙorin Makka,
ciki kuwa dusar katako ce da gam.
Ni ga maɗaci, ga ƙirya, ga hannu,
amma wa ke sayen abin da bai gani ba?
Na je tambayar kuɗin talla a rediyo,
da aka faɗa, na nemi ruwa na sha.

Wata Laraba sai ga Barau mai shayi,
benci ya karye, aljihu ba nauyi.
Na ce ɗauki sabo, ko sisi kada ka bayar,
bar ni dai in ƙona sunana a gefe.
Na sa ƙusa a wuta har ta yi ja,
na zana lambata, baƙa wuluk,
daidai inda mai jiran indomi ke dafa hannu.

Mako biyu shiru.
Matata ta ce, Tanimu, ka yi sadakar katako.

A na uku Ladidi ta kira daga Samaru,
ɗalibar zane, tana son teburi mai jingina,
kuɗin makaranta ya cinye na hannunta.
Muka yi musaya, ba a taɓa naira ba:
ni zarto da guduma, ita alƙalami.
Ta zana mini kujera zaune kan dutsen Kufena,
ƙarama, ko a kan kwalin ashana za ta zauna.
Na ce dutsen ya fi kujerar girma.
Ta ce, Malam, haka Allah ya yi shi.

Uwani tela ta Tudun Wada
na da buhun ƙyallen atamfa a bayan ƙofa,
guntayen da amare suka bari.
Yanzu su ne rigar sosona,
sunanta da nawa a ɗinki ɗaya.
Mati baduku na cikin birni
ya ɗaura jar fata a bayan kujera,
ya tsaya yana kallo, ya ce ashe
fata ma na son wurin hutawa.
Lawandi mai hoto ya ari guda biyu,
angwaye suka zauna, waya ta kai su Kaduna.

Ba duka ne ya yi daɗi ba.
Wani mai masauki a Sabon Gari
ya kwashi sha biyu kan alkawarin baki,
ya kankare dutsen, ya ce daga Legas ya sayo.
Har yau ina binsa. Har yau yana tafiya.
Tun ranar nake ajiye takarda da biro
kusa da gwangwanin ƙusa.

Jiya muka sauke allon.
Ladidi ta ce a sake suna, na zamani.
Na shafa wurin da "Ilu" ya ɓace,
yatsana ya ji ramin harafin yana nan.
Na ce bi sawun, ki cika shi da fenti,
kujerar da dutsen su zauna a ƙasa.

Da dare na je wurin Barau.
Wani baƙo da jaka, ga alama malamin Kongo ne,
ya sunkuya, ya haska bencin da waya,
yana kwafe lambar, leɓe na motsi.
Ya girgiza ƙafar, bai ji ta yi kuka ba.
Ban ce masa komai ba.
Wayata na aljihu, na rage mata ƙara,
na ce Barau, ƙara mini madara.