Taku Ɗari Huɗu a Stromness

Talata, ƙarfe goma, Elspeth ta leƙo
ta fuskar kwamfuta daga Aberdeen,
tabarau ya zamo mata kan hanci:
"Thora, jiya taku nawa?"

Ɗari uku da sha biyu, na ce.
Na ɓoye mata zaman da na yi kan katangar maƙwabci
ina jiran ƙafar hagu ta tuna da ni.

Likita ya ce ciwon gaigayar rigar jijiya yake
kamar ɓera da wayar lantarki.
Saƙo ya bar kai lafiya lau,
ya kwana a hanya.

Elspeth ba ta cewa daure.
Tambaya take: yaushe gajiyar ke gyangyaɗi?
Muka laluba har muka kama ta,
bayan shayi, kafin jirgin fito ya busa ƙaho.

Yau iskar teku ta so ƙwace sandata.
Na wuce gidan burodi, na wuce komar masunta,
na dafa ƙarfen bakin gaɓa,
sanyinsa ya ciji yatsun
da suka yi wata biyu ba su ce uffan ba.

Agogon hannu ya ce ɗari huɗu.
Komawa kuwa, sai da Erlend ya zo da mota.
Ran Talata zan faɗa mata, har da motar.