Mai Ƙidayar Jemagu

Ƙarfe biyar na yamma ta tare ni a Adum,
jaka a baya, hula mai faɗin faifai,
rana ta dafa mata hanci ya yi ja.
Ta ce sunanta Solbe, daga Nowe.
Na ce sannu da hanya, ina muka nufa?
Ta ce, wurin jemagu.

Na sa giya, na haɗiye dariya.
Shekara goma sha tara ina tuƙin tasi a Kumasi.
Na kai masu naƙuda asibiti,
na kai amare Aboabo,
na bi gawa har Tafo,
ban taɓa kai kowa gaida jemage ba.

Mu da muke tsine musu kullum safiya
in sun zane mana gilashi da kashi!

Bayan Kejetiya muka tsaya, gefen gidan namun daji,
inda itatuwa suka yi nauyi da 'ya'yan da ba nasu ba,
kowane reshe ya sunkuya,
dubbai sun rataye kai ƙasa
kamar tsummokaran da mai wanki ya manta.
Ta fito da littafi da madubin hangen nesa.
Leɓenta na motsi. Na ɗauka addu'a ce,
ashe lissafi.

Jirgi biyu ta hau, in ji ta,
ta sayar da motarta, ta bar uwa mai shekara tamanin,
don ta ga wannan.
Na sayo mana koko da ƙosai wurin Hajiya Lantana,
yaji ya sa ta hawaye, ta ce a ƙaro.

Ta nuna min garinsu a waya:
dutse ya tsuguna cikin ruwa, fari fat,
barewa mai ƙaho kamar busasshen reshe.
Wai akwai watannin da rana ba ta faɗuwa can.
Na ce, to yaushe mai azumi zai sha ruwa?
Ta yi shiru. Ba ta taɓa tunanin haka ba.
Nan na ci ta ɗaya.

Sai ta ce, kai fa, ina ne gida?
Na buɗe baki.
Kakana Ɗanjuma ya taho da ƙafa daga Kazaure,
wata uku, da jakuna da kanwa,
zai koma da goro.
Goron ya tafi, shi bai tafi ba.
Da harshensa nake mafarki,
amma ko hoton Kazaure ban taɓa riƙewa ba.
Na ce mata, Asawase, bayan masallaci.

Ladan ya gyara murya.
Kamar shi suke jira,
itace na farko ya girgiza, ya zubar da kansa sama,
na biyu ya bi,
sararin Kumasi ya zama baƙin kogi mai gudu,
ya bi ta kan kasuwa, kan kwanon rumfuna,
kan mata masu tallan borodi da ba su ɗaga kai ba.
Alƙalaminta ya faɗi. Ta daina ƙirga.

Wasunsu, ta ce a hankali,
in damina ta matsa arewa sukan bi ta,
har ƙasashen da ciyawa ke ƙarewa,
sannan su dawo.
Na ce, har Kazaure?
Ta ce, wa ya sani.

Na mayar da ita masauki, ta biya ba ciniki.
Washegari na tarar da gilashina kamar kullum.
Na ɗebo ruwa a bokiti,
na tsaya da soso a hannu,
na daɗe ban goge ba.