Ƙamshin da Ba Na Lambuna Ba

Shekara talatin da ɗaya ina auren mangwaro
a bakin Rima, ƙasan gadar Kwalkwalawa.
In yanko reshen binta-siga, in tsaga paparanda,
in haɗa su baki da baki, in naɗe da leda,
in yi bisimilla, in jira.
Hancina ya san nunar kowane icce
tun ban buɗe shinge ba.

Shi ya sa ran Talata, da la'asar sakaliya,
da ƙamshi ya taso daga bayan injin ban-ruwa,
na ce gwaiba ce ta yi gaggawa.
Na matsa. A'a, ɓawon lemun zaƙi.
Na ƙara taku biyu: mangwaron da ya kwana a buhu,
can ƙarƙashinsa kuma wani abu mai nauyi,
kamar ƙasar da yayyafi ya taɓa,
kamar tsumman da ya sha kananzir.

Arzika ne, ɗan ƙanena, a tsugune,
hayaƙi na fita ta tsakanin yatsunsa.

Bai gudu ba. Ya buɗe mini takarda
kamar mai nuna jaririn gida.
Curi ne kore, da ratsin shunayya,
da gashi ja-ja irin na gemun masara,
an ce ka rantse sukari aka barbaɗa.
Na taɓa. Ya kama yatsana kamar ƙaro.

"Baba, wagga ba wiwin tasha ba ta.
Aure ta, irin naka.
Uwatta mai sa kwana, ubanta mai sa magana,
ɗiyar ta ɗauko kowa."

Na zauna kan tiyo, ban ce uffan ba.
Na ga uban ya fara zuwa:
Arzika, da ba ya haɗa jimla uku a yini,
ya gina mini kamfanin tumatirin gwangwani,
ya sayi tirela shida, ya kai ni Makka sau biyu,
ya yi wa kwaɗo dariya har da hawaye.
Sannan uwar ta iso, ba sallama.
Idonsa ya yi garwashi, leɓensa ya bushe,
ya shanye furar da Ige ta damo mini,
ya lashe ludayin,
ya jingina da dalbejiya, kafaɗunsa suka narke.

Injin kuwa yana ta aikinsa.
Ni ma ƙamshin ya ɗauke mini hankali, ba zan ɓoye ba.
Kafin mu farga, ruwa ya karya kunya,
fangali tara na albasa sun zama tafki.

Da dare na kasa barci.
Ba albasar ba ce.
Tunanin wani mutum nake, can inda ban sani ba,
mai haƙuri irin nawa, mai hanci irin nawa,
da ya yi shekaru yana zaɓe yana zubarwa
har ya koya wa ganye ƙamshin gwaiba.
Gwani ne. Wannan ba zan hana shi ba.
Amma ni abin da na aurar, yaro ya ci ya ruga makaranta.
Nasa fa?
Ɗan Nomau mai kanwa da irin wannan ƙamshin ya fara,
yau wata huɗu uwarsa na hawan motar Kware
da kwanon tuwo a cinya.

Da asuba na miƙa wa Arzika fartanya.
Muka gyara kunyar, ba wanda ya dubi wani.
Ya ce ya bari. Na ce to.
Ban san ko ya bari ba.

Gwaibata ta nuna makon jiya, ta gaske.
Iska ta kawo ƙamshin har bakin shinge,
na tsaya da makulli a hannu,
kafin in duba icce
sai da na leƙa bayan injin.