Turmin Kaka Kuluwa

A ɗakin ajiyar takardu nake aiki,
can bayan ofis, inda rana ba ta leƙowa.
Gara ta riga ni kama aiki a nan,
ta kuma fi ni cin littafi.

Kyari direba, in ya sauke kaya a tashar Zango,
wurina yake kawo shayinsa da surutunsa.
Wai akwai ƙasar da atishawa gaban hoton sarki
sai ka biya kuɗin wanke hoton.
Wai wani gari an hana mutuwa ranar kasuwa,
in ajali ya zo, ya jira a tashi.
Wai a wani tsibiri jaki ba ya kuka
sai da takarda mai hatimi.
Ban rantse muku ba.
Bakin direba doguwar hanya ce,
abin da ya ɗauko a Agadas kan kumbura kafin Tanut.
Mukan yi dariya har shayi ya huce,
mu ce mutanen duniya ba su da aikin yi.

Wata Laraba ina kakkaɓe akwatin ƙarfe
sai ga takarda, launinta kamar haƙorin mai cin goro.
Wani kumandan ne ya sa hannu,
gara ta cinye rabin sunansa, ta bar mini gashin bakinsa in ƙiyasta.
An hana daka daga azahar zuwa la'asar,
gama mai gida yana barcin rana.
Wadda ta ƙi, tarar tamma biyu,
turminta kuma ya tafi bariki.

Na nemi takardar da ta kashe ta.
Na zazzage akwati bakwai, na sha ƙura, na yi tari.
Babu.
Ashe dokar tana nan da ranta,
kwance cikin duhu kamar kunama ƙarƙashin dutse.

Sai na tuna gidanmu na Birni,
da yadda Kaka Kuluwa kan jingine taɓarya
da zarar ladan ya buɗe baki.
Gero rabin daka, mu kuwa cikinmu na kiran ciroma.
Takan ce, ba kyau, aljannu na barci.
Shekara arba'in ina tsoron aljanin nan,
ashe mai ciwon kai ne da farar hula,
wanda ƙashinsa ya zama ƙasa a wata ƙasa.

Da yamma na bi lungu, na wuce manyan duwatsu,
takarda a aljihu kamar na kamo ɓarawo.
Na same ta a tabarma, ido ya tafi, kunne na nan.
Na karanta mata, na fassara, na jira mamaki.

Ta yi dariya da haƙorinta guda.
Ta ce, yau ka sani?
Turmin uwata ya kwana tara a hannun gardi,
ya dawo da lamba a gindinsa.

Na ce, to don me kika ɗora wa aljannu?

Ta ce, da na ce bature ne,
da kakanka ya ce ai ya tafi, tashi ki daka.
Ni kuwa daga asuba har a kwanta,
tsakanin rijiya da murhu da goyo,
wannan ɗan lokacin ne kaɗai
hannuwana suke zama nawa.

Daga maƙwabta injin niƙa ya tashi da ruri.
Ta juya kai, ta yi tsaki.

Washegari na mai da takardar akwatinta,
can ƙasa, inda ba mai dubawa.
Ban kai wa magajin gari ba.
Da Kyari ya zo da sabuwar doka daga bakin teku,
na zuba masa shayi,
ban yi dariya da ƙarfi ba.