Akwatin Ɗumi a Leven

Ƙarfe huɗu, duhu ya riga ya sauka a Leven,
iskar teku tana lasar tagar shagona
kamar karen da aka manta a waje.
Sai ga Fergus Dalgleish ya turo ƙofa,
kan sandar golf a hannun dama, ƙotarta a hagu.
"Morven, gobe da hantsi zan buga.
Ta yayana ce. Gobe yake cika shekara a ƙasa."

Na ce gam ɗin nan yini da kwana yake so.
Ya ce yini da kwana ba ya cikin aljihunsa.

To, shi ke nan.
Na kankare tsohon gam daga maƙogwaron ƙarfe,
na goge bakin ƙota da samfefa har ya yi kaushi,
don abu mai santsi ba ya riƙe amana.
Ruwa biyu na matsa a kan kwali,
ɗaya kamar zuma, ɗaya kamar majina,
kowanne shi kaɗai ba ya tsinana komai.
Na juya su da tsinke, na shafa, na cusa, na murɗa,
na share abin da ya tsatso ta gefen zobe.

A sanyin nan gam barci yake yi.
Shi ya sa mahaifina ya ƙera akwati
da katakon tsohuwar durowa,
kwan fitila ɗaya a ciki, da ma'aunin zafi
mai tsaga a gilashi tun ina 'yar makaranta.
Na kwantar da sandar, na ja murfi.

Fergus ya ƙyalla ido ya ga bututun wuta a rataye.
"Da wancan ai minti goma ya isa."
Na ce da wancan nake cire kai daga ƙota.
Zafin da ke haɗawa, in ya ƙaru kaɗan,
shi ne dai mai rabawa.
Zobe ya narke, gam ya dahu ya yi garas,
ranar bugu kan ya riga ƙwallo isa rami.
Ɗumi nake so, irin na ƙirjin kaza a kan ƙwai.

Ya zauna a kan benci bai tuɓe kwat ba.
Na haɗa shayi. Muka yi awa uku
yana ba ni labarin Struan:
yadda yake zagin yashi, yadda bai taɓa biyan bashin caca ba,
yadda su biyun suka shekara shida ba sa ga maciji
a kan wata magana da ba ta kai ta kawo ba.
Ban ce komai ba. Allura nake kallo.

Da tara ta buga na taɓa ragowar gam a kan kwali,
wanda na sa a akwatin don ya zama shaida.
Farce bai shiga ba.

"Kada ka lilo ta yau. Bar ta ta huce da kanta."
Ya rungume ta a cikin kwat ya fita,
har yanzu da sauran ɗumi a wuyanta.
Na kashe kwan fitila.
Kofinsa na nan, bai sha rabi ba.