Ba Ki Ce Ya Tsaya Ba

Litinin, aji ɗaya, a Tartu.
Tara ta gota, duhu bai gama naɗe tabarmarsa ba.
Takalman yara a bakin ƙofa
suna ɗigar da ƙanƙarar da suka kwaso.
Na ce musu yau ba Malama Leelo ba ce,
mutum-mutumi ce, kaina fanko,
abin da kuka faɗa shi zan yi, ba ƙari ba ragi.
Ga baƙin burodi, ga man shanu, ga wuƙa.

Koit ya ce, sa man a kan burodin.
Na ɗauki kwalin, da marfi da komai,
na ɗora.
Aji ya ɓarke, wata har da zamowa daga kujera.
To buɗe! Da me? Da hannu! Wane hannun?
Minti ashirin kafin wuƙa ta taɓa burodi,
shi ma da ƙota ta taɓa.
Ranar ba wanda ya kunna kwamfuta.

Laraba, 'yan sakandare, gashin baki sabon tsiro.
Sun haɗa manhajar lokutan bas zuwa Elva,
tana tafiya sumul,
sai dai kullum ta haɗiye bas ɗin asuba.
Piret ta ce na'urar ce ta haukace.
Na ce ina ta ga hankalin da za ta rasa?
Ƙirga da yatsa. Daga ina kika fara?
Daga ɗaya mana.
Ita kuwa daga sifili take tashi.
Yarinyar ta zuba wa yatsunta ido
kamar aro aka ba ta.

Alhamis da dare, jami'a, gefen kogi.
Taavi ya kwana uku yana farautar kuskure
cikin layi dubu huɗu.
Allura ce a ruwa, in ji shi.
Na ce to rage ruwan.
Raba biyu, wane ɓarin ke ciwo?
Shi ma raba shi.
Kafin kofinsa ya huce
ga ta nan, alamar ragi inda tarawa ya kamata.
Ya yi dariya irin ta wanda kuka ya kusa kamawa.

Asabar kuma tawa ce da babana.
Endel, mai gyaran agogo shekara arba'in,
yanzu sunan cokali kan kuɓuce masa.
Na rubuta masa shayi mataki-mataki,
na manna a jikin firji:
cika buta, danna jan maɓalli,
jira ta yi shiru,
zuba, sa sukari ɗaya, juya.
Na duba sau uku. Ai sana'ata ce.

Muka dawo daga kanti, ni da 'yar ƙanwata Saale,
mai shekara bakwai da giɓi a baki.
Tun daga matakala muke jin ƙarar,
ƙil, ƙil, ƙil.
Yana zaune a bakin taga yana juyawa,
shayin ya yi sanyi ƙalau,
fuskarsa a natse, ta mai aikin da aka ba shi amana.

Saale ta karanta takardar, leɓenta na motsi.
Ta ce, ba ki ce ya tsaya ba.

Na karɓi cokalin a hankali.
Na nemo fensir, na ƙara:
juya sau goma, sai ka sha.
A ƙasa kuma: in ka rikice, kira Leelo,
ga lambar.

Ta sake bi da yatsa, layi-layi,
yadda nake koya musu.
In kuma ya manta wace ce Leelo fa?

Fensirin na hannuna har yanzu.
Buta ta soma kuka.
Baba ya dube ni, ya gyara tabarau,
ya ce agogona ya yi latti da minti biyu.
Na duba waya. Haka ne kuwa.